Kantin maganin Jekadafari da ya hana ni diclofenac

Akwai wani kantin magani a Jekadafari, nan cikin garin Gombe, inda nake sayen maganin mahaifina tun da likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini. Mai kantin ta roƙe ni kada in ambaci sunanta ko na kantin, ta ce ba ta son a ce ta biya ni kuɗin talla, don haka zan tsaya a kan abin da idona ya gani. Maganinsu ya fi na kemis ɗin unguwa tsada, layinsu da yamma sai mai haƙuri, wurin zama kuma benci ɗaya ne. Duk da haka, wanda yake da dattijo a gida mai shan maganin hawan jini ko na suga, irin wannan kanti ya kamata ya nema, ko da zai ƙara kuɗin keke.

Shago ne mai ƙofa biyu da aka haɗe. Akwai firji mai aiki da sola inda suke ajiye insulin da alluran da ba sa son zafi, takardar rajistar hukumar kula da masu harhaɗa magunguna tana rataye inda kowa zai gani, kuma duk kwalin da na taɓa ɗauka na duba yana da lambar NAFDAC da kwanan watan lalacewa a fili. Samari biyu ne a kanta. Ita Hajiya, mai kantin, famasis ce mai digiri, teburinta yana can ciki da na'urar awon jini a kai. Abin da ya fi komai daraja a shagon wani babban littafi ne mai baƙin bango. Duk wanda yake sayen maganin wata-wata yana da shafinsa: abin da yake sha, adadinsa, awon jininsa na ƙarshe, da sakamakon gwajin ƙoda in ya kawo.

Wannan littafin ne ya yi mana rana a azumin da ya faɗo cikin zafin watan Maris. Gwiwar Baba ta matsa masa har sallar tarawi ta koma a zaune, wani abokinsa a masallaci ya rubuto masa sunan diclofenac a takarda, ya ce shi da ya sha kamar an cire masa ƙaya. Baba ya aike ni. Yaron kanta har ya ɗauko kwalin, sai ya tambaye ni na wa ne. Da na ce na Baba ne, ya buɗe shafinsa, ya ga lisinopril da hydrochlorothiazide, wato ƙwayar nan mai sa yawan fitsari, sai ya mayar da kwalin ya kira Hajiya.

"Malam, ka yi haƙuri, wannan ba zan ba ka don Baba ba," in ji ta. "Yana azumi kuwa?"

Na ce yana yi, ranki ya daɗe, ko ɗaya bai sha ba.

"To zauna in nuna maka abin da nake tsoro."

Ta yago murfin kwali, ta juya bayansa, ta zana ɗan dunƙule da bututu biyu, ɗaya yana shiga ɗaya yana fita. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, na sha zana wannan hoton a allo, amma manhajarmu tana tsayawa ne a kan cewa ƙoda tana tace jini. Yadda ƙodar take daidaita jinin da ke shigo mata, a wannan teburin na fara jin sa da kyau, sauran kuma na bi littattafai na cike daga baya.

Ƙoda biyu ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa wajensu yake zuwa, wajen lita ɗaya a kowane minti. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A yini suna tace ruwa kusan lita 180, jiki ya sake tsotse kusan dukkansa, abin da ke fita a matsayin fitsari kusan lita ɗaya da rabi ne. Kowace matata dunƙule ce ta siraran jijiyoyi, da jijiya mai kawo jini da jijiya mai fitar da shi, kuma dukansu biyu suna iya tsukewa su saki. Ƙarfin matsin jini a cikin dunƙulen shi ke tura ruwa ya tsallake. Hajiya ta ce in ɗauke shi kamar fangali a lambun rani: in ruwan da ke zuwa daga kwari ya yi ƙasa, mai ban-ruwa yakan toshe bakin fita don ruwan ya taru ya jiƙa ƙasa; in ya bar mafita a buɗe kuma mashiga ta cushe, fangalin bushewa zai yi.

Mai toshe bakin fitan nan a jikin mutum wani sinadari ne mai suna anjiyotensin. Idan ruwan jiki ya ragu, ko don azumi, ko zufa, ko zawo, wasu ƙwayoyin halitta da ke jikin jijiyar shiga suna sakin wani sinadari mai suna renin. Renin yana yanka wani furotin da hanta ke zubawa a jini, a samu anjiyotensin na ɗaya. Shi wannan ba shi da wani ƙarfi sai wani sinadarin, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya datse shi ya zama anjiyotensin na biyu. Na biyun ne mai aiki. Yana tsuke jijiyoyin jiki don jini ya hau, yana sa wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin aldosteron don a riƙe gishiri da ruwa, yana tayar da ƙishirwa a ƙwaƙwalwa. A cikin ƙodar kanta kuma ya fi tsuke jijiyar fita a kan ta shiga, don haka ko jinin da ke zuwa ya ragu, matsin cikin matata yana nan, tacewa ba ta tsaya ba. Rahama ce ga mai azumi a rana irin ta Gombe.

Matsalar tana zuwa ne idan wannan matsi ya zama na kullum, shekara da shekaru, kamar yadda yake ga masu hawan jini da suga. Matatar takan gaji ta fara yoyo, furotin ya riƙa fita a fitsari, wani lokaci har ka ga kumfa. Aikin lisinopril shi ne hana waccan datsewar da ke samar da anjiyotensin na biyu. Losartan da 'yan uwansa kuma suna tare wurin da yake sauka ne. Jijiyar fita ta saki, matsi ya sauka, matata ta huta. Shi ya sa likitoci ke son su ga wanda furotin ya fara fita a fitsarinsa, irin Baba.

Sai Hajiya ta ɗora bironta a kan bututun shiga. Ta ce tunda an sassauta mafita, ƙodar Baba ta dogara kacokan ga mashiga ta zauna a buɗe. Abin da ke riƙe ta a buɗe lokacin ƙarancin ruwa wasu sinadarai ne da ake kira furostagilandin, waɗanda ƙoda ke yi wa kanta. Su kuwa diclofenac da ibuprofen da piroxicam, hanyar da suke kashe ciwo ita ce hana jiki yin waɗannan sinadaran. "Ka ga mafita a buɗe saboda lisinopril, ruwa ya ragu saboda ƙwayar fitsari da azumi, yanzu kuma mu tsuke mashiga. Da me za ta tace?" Ta ce a dattijo, cikin 'yan kwanaki wannan haɗin yana iya sa ƙoda ta tsaya, kuma ba lallai ya ji wani ciwo a kwiɓi ba, sai dai kasala da raguwar fitsari, abubuwan da kowa zai ɗora wa azumi.

Paracetamol ta ba ni da man zafi na shafawa, kuɗinsu bai kai na abin da na zo saya ba, ta kuma ce a kai gwiwar asibiti a duba. Ina ganin wannan shi ne ma'aunin kantin magani. A garin nan mutum yana iya tsayawa a bakin shago ya ce a yi masa haɗin ciwon jiki, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba suna ba kwali, sau da yawa da dangin diclofenac iri biyu a ciki, ba wanda zai tambaye shi ko yana shan wani abu. Abin yana ci mini rai, domin masu shan haɗin nan su ne manoma da 'yan dako da 'yan acaɓa, mutanen da suke yini a rana jikinsu ba ruwa.

Zancen wani sinadari mai suna adenosin kuwa goro ne ya jawo shi. Baba tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, goro ba ya rabuwa da aljihunsa, sai wata rana da na je karɓar magani da hantsi, shagon ba kowa, na tambaye ta ko goron yana da illa ga ƙodarsa. Ta ce abin da ke cikin goro mai wartsakar da mutum shi ne kafeyin, irin na kofi da shayi, kuma kafin a gane aikinsa sai an san sinadarin da yake kwaikwayo. Ta sake yago kwali.

Wannan ɓangaren ya fi burge ni a duk abin da na koya. Ruwan da aka tace yana bin wani dogon siririn bututu inda ake tsotse gishiri da ruwa a mayar jini. Bututun yakan nutsa can cikin ƙoda, ya yi kwana, ya dawo ya jingina da jijiyar shiga ta matatar da ya fito daga cikinta. A daidai wurin jinginar akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira makula densa, aikinsu auna gishirin da ya iso gare su. In gishirin ya yi yawa, alama ce cewa matatar tana zubo ruwa fiye da yadda bututun zai iya tsotsewa. Nan take sai a samu adenosin a wurin, wanda ke fitowa daga ragargajewar sinadarin kuzari na ƙwayoyin halitta. Adenosin ya sauka a jijiyar shiga, ta tsuke, tacewa ta ragu, duk cikin daƙiƙoƙi. Yana kuma rage sakin renin. In kuwa gishirin da ya iso ya yi kaɗan, adenosin ya ragu, mashiga ta saki, furostagilandin ya ƙaru, renin ya fito. Kowace matata a cikin miliyan ɗin nan tana da nata mai gadi.

A zuciya da ƙwaƙwalwa, adenosin buɗe jijiya yake yi. Idan tsoka ta yi aiki ta gaji, adenosin ya taru, jijiya ta buɗe, jini ya kawo iska. A mashigar matatar ƙoda sai ya yi akasin haka. Na daɗe ina juya wannan a raina kafin ya zauna mini: a wajen ƙoda, ƙarin jini ƙarin aiki ne, domin duk abin da aka tace dole a kashe kuzari a tsotso shi. Ƙodar da ta gaji, hutunta shi ne a rage mata abin da ake zubo mata. A can tsakiyar ƙoda kuwa, inda iska take da ƙaranci, adenosin ɗin nan dai yana sauka a kan wasu masaukai na daban ya buɗe jijiyoyi. Ya rage aiki a sama, ya ƙara iska a ƙasa. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara wannan.

Kuma adenosin da anjiyotensin ba kowa gashin kansa yake yi ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna cewa adenosin ya fi iya tsuke mashiga idan anjiyotensin yana da yawa, in aka toshe anjiyotensin kuma ƙarfinsa yana raguwa. Wato a jikin da ruwa ya yi ƙaranci, mai gadin ya fi tsanani, ba ya barin gishiri da ruwa su salwanta.

Shi kafeyin ƙirarsa ta yi kama da ta adenosin, sai ya zauna a masaukinsa ba tare da ya yi aikinsa ba. A ƙwaƙwalwa wannan ne ke kore barci, a ƙoda kuma yana ɗan ƙara fitar gishiri da fitsari. Abin da na yaba shi ne Hajiya ba ta tsorata ni ba. Ta ce wanda ya saba, jikinsa yana sabawa, ɓarin goro ko ɗaya a yini ba shi ne zai kashe ƙodar Baba ba, kuma raba dattijo da goronsa ba gaira ba dalili zalunci ne. Sharaɗi biyu kawai ta kafa: kada ya ci goro ko ya sha shayi rabin awa kafin a auna jininsa, domin yana ɗaga awon na ɗan lokaci, kuma kada ya cika shayi mai kauri a sahur a madadin ruwa. Inda ta ɗaure fuska shi ne a kan dunƙulen miya da gishiri. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da na dunƙule da na yaji da na kilishi.

A kantin suna da sababbin magungunan suga irin su dapagliflozin da empagliflozin, masu tsada, kuma ba ta bayar da su sai da takardar likita. Na ambace su ne don a kan wannan mai gadin suke aiki. A jikin mai suga, farkon bututu yana tsotse suga da gishiri fiye da kima, gishirin da ke isa makula densa ya yi kaɗan, sai ta ɗauka tacewa ce ta ragu ta bar mashiga a wangale, matata ta yi ta shan matsi. Waɗannan magunguna suna rage waccan tsotsar, gishiri ya isa, mashiga ta koma daidai. Goggona tana shan ɗaya daga cikinsu, kuɗin wata ɗaya yana girgiza gida.

Yanzu idan na zo darasin ƙoda a aji nakan ƙara wa ɗalibai cewa tun 1898 Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka gano renin a ƙodar zomo a birnin Stockholm, kuma captopril, kakan su lisinopril da aka amince da shi a Amurka a 1981, asalinsa binciken dafin wani maciji ne na Brazil. Ko na bayan aji yakan ɗago kai.

Hajiya ba ta canza wa kowa magani, ta san iyakarta, amma tana rubuta 'yar takarda a kai wa likita. Da ta ga awon Baba ya ƙi sauka ƙasa da 150, ta rubuta, ta kuma gaya mini wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, da ya nuna cewa a baƙar fata haɗin da ke da wani maganin hawan jini mai suna amlodipine a ciki ya fi sauke jini a kan haɗin perindopril, ɗan uwan lisinopril, da hydrochlorothiazide. Likitan Baba ya duba, ya bar lisinopril saboda furotin ɗin fitsari, ya cire ƙwayar fitsarin ya sa amlodipine. Jinin ya sauka, tashin dare zuwa bayi ma ya ragu.

Tana da naci a kan gwaji. Duk wanda aka fara wa lisinopril ko losartan, ko aka ƙara masa adadi, sai ta ce ya je a auna kiretinin, sinadarin da ke taruwa a jini in tacewar ƙoda ta ragu, da fotasiyam bayan mako ɗaya zuwa biyu, domin waɗannan magunguna suna sa fotasiyam ya taru, yawansa kuma yana taɓa bugun zuciya. Lokacin da aka ƙara wa Baba, kiretinin ɗinsa ya tashi daga 96 zuwa 109, hankalina ya tashi na kai mata takardar. Ta ce tunda an sassauta mafita dole tacewa ta ɗan ragu, likitoci ba sa ɗaga hankali in ƙarin bai wuce kashi 30 cikin 100 ba kuma ya tsaya nan, amma a nuna wa likita a sake gwadawa. An sake, yana nan inda yake. Ta kuma ja kunnena cewa ranar da Baba ya kamu da amai ko zawo mai yawa, a kira likita a ranar, domin sau da yawa akan dakatar da maganin kwana ɗaya ko biyu har ruwan jiki ya dawo. Busasshen tari mai naci, ta ce sananne ne ga lisinopril, a gaya wa likita ya sauya. Kumburin leɓe ko harshe kuwa asibiti kai tsaye, ba jira.

Inda suka gaza, sun gaza. Ba su da ɗakin gwaji, sai ka tafi wani wuri ka dawo da takarda, wanda ga tsoho wahala ce biyu. In Hajiya ba ta nan, kamar yammacin Juma'a, samarin suna duba littafin amma ba sa iya bayani, sai dai su ce ka dawo. An taɓa ba ni lisinopril na wani kamfani daban ba a gaya mini ba, Baba kuwa da launi yake gane maganinsa, ya ƙi sha har sai da na koma aka tabbatar masa. Magana ɗaya lokacin miƙo mini maganin da ta wadatar. Na'urar cirar kuɗinsu ma tana yawan ƙin aiki, gara ka riƙe kuɗi a hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin sirri. Lisinopril da losartan suna cutar da jariri a ciki, musamman ƙodarsa, don haka duk macen da ke shekarun haihuwa sai Hajiya ta tambaye ta ko tana da juna biyu ko tana sa rai. Tambaya ce da ta zama dole, kuma tana sassauta murya, amma teburinta taku biyu ne daga benci, maza a zaune. Na ga wata baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta ce a'a da sauri, kuma ba ni da tabbacin amsar gaskiya ce ko ta kunya. Labule ɗaya da sanda zai magance wannan. Na gaya mata, ta ce tana neman shagon da ke maƙwabtaka da su in mai shi ya tashi, amma a ganina labulen bai kamata ya jira haya ba.

Wanda zai je, ya je da hantsi tsakanin Litinin da Alhamis, lokacin da take zaune kuma ba cunkoso. Ya tattaro duk abin da mara lafiyar yake sha a leda ɗaya, har da jiƙe-jiƙen gargajiya da haɗin da aka sayo a tasha, ya haɗa da takardar gwajin ƙoda ta ƙarshe. Awon jini kyauta ne ga mai shafi a littafin, kuma tana sa mutum ya zauna ya huta minti biyar kafin ta ɗaura masa na'urar.